Gane tsirran dangin Erica ta garin furensu: jagora ga mai madubin likita

A lise-lise da ƙananan asibitocin arewacin Kamaru da Cadi, daga Ngaundere zuwa Marwa har Injamena, da wuya ka rasa madubin likita ko da guda ɗaya ne. Yawanci aikinsa duba jinin zazzaɓi, ko kuwa ya kwana cikin kabad yana shan ƙura. Alhali wannan madubin ya isa ya buɗe maka wani fanni na ilimin tsirrai da mutanenmu ba su cika shiga ba, wato nazarin garin fure. Manomi ya san garin nan, shi ne yake kakkaɓe wa daga riga in ya ratsa gonar gero ko masara lokacin bununi. Kowace ƙwayarsa tana da siffar da ta gada daga danginta, kuma wanda ya iya karanta siffar zai faɗi tsiron da ta fito ko bai ga ganye ko fure ba.

Na zaɓi dangin Erica, waɗanda masana ke kira Ericaceae, domin garin furensu yana da tambarin da mai koyo zai gane tun makon farko, kuma domin muna da su a ƙasashenmu ko da yake a ɓoye suke. Yawancinsu tsirrai ne na wuri mai sanyi da ƙasa mai tsami, da damansu kuma masu ƙananan ganye kamar allura. Dangin ya kai iri 4,000, an raba shi gida-gida, gidan Erica kaɗai ya haura iri 800, kuma mafi yawan na wannan gidan a kudancin Afirka ta Kudu suke. A Cadi akwai Erica arborea a ƙololuwar duwatsun Tibesti, cikin tsagogin dutse masu ɗan laima. A Kamaru akwai Erica mannii a Dutsen Kamaru da Oku da tsaunukan Bamenda, tare da ɗan'uwanta Agarista salicifolia. Sunan mannii daga Gustav Mann ne, Bajamushen da ya tara tsirrai a Dutsen Kamaru a 1861 da 1862.

Mataki na farko: san abin da kake nema

Ƙwayar garin fure tana da bango biyu. Na ciki fata ce mai laushi, ba ta daɗewa. Na waje, wanda zan riƙa kira ɓawo, an gina shi da wani sinadari mai suna siforofolenin, wanda asid ba ya cinye shi, ruɓa ma ba ta cika kama shi ba. Shi ya sa ake samun ƙwaya mai shekara dubbai a lakar tafki da siffarta daram. Duk aikinmu a kan ɓawon nan yake: girmansa, zanen fuskarsa, da wuraren da ya yi sirara domin ƙwayar ta tsiro. Wuraren nan iri biyu ne, ko doguwar tsaga ko zagayayyar ƙofa, wani lokaci kuma tsaga da ƙofa a tsakiyarta.

A cikin jakar garin, wato 'yar jakar da ke cikin fure inda garin ke samuwa, ƙwaya uwa ɗaya ce take rabuwa gida huɗu. A yawancin tsirrai, bangon da ya haɗa huɗun yakan narke, kowace ta fita ita kaɗai. A yawancin dangin Erica kuwa ba sa rabuwa, a manne suke fita, a manne iska ko ƙudan zuma ke ɗaukarsu. Su ne 'yan huɗu. Zamansu kamar na duwatsun murhu uku ne da tukunya a kai: uku a ƙasa suna taɓa juna, ɗaya a bisa tana taɓa dukkansu. Kowace ƙwaya tana da tsaga uku, kowace tsaga da ƙofarta, kuma tsagar wannan tana haɗuwa baki da baki da ta maƙwabciyarta. Ƙwaya 4 sau tsaga 3 ya ba ka 12, in suka haɗu biyu-biyu sai su zama layi 6 a jikin dunƙulen. Ana danganta wannan tsari da Hugo Fischer, wanda ya bayyana shi a 1890. Ka riƙe lissafin nan da kyau, domin shi ne zai raba maka gardama nan gaba.

Mataki na biyu: kayan aiki, da fara koyo a gida

Kana bukatar madubi mai ƙara girma sau 400, in da hali har sau 1,000 da man dubawa. Sai fallayen gilashi da siraran murafensu, allura biyu, ɗan hantsaki, alkol, gilisarin, jelatin, launin fuksin ko safranin, jan farce marar launi, ambulan na takarda, da littafin rubutu. Abin da ya fi wuyar samu shi ne ma'aunin da ake sakawa cikin idon madubi. Ka tambaya a labon jami'a, a Ngaundere ko Marwa ko Injamena, domin in babu awo rabin aikin ne kawai za ka yi.

Haɗa jelin ɗaurawa haka: jiƙa jelatin giram 7 cikin ruwa mililita 42 na awa biyu, ɗumama shi cikin kwanon ruwan zafi har ya narke, zuba gilisarin mililita 50 da ɗan fenol kamar rabin giram domin kada ya yi fumfuna, sa'annan ka ɗiga launi kaɗan har ya yi ja-ja mai haske. Launi in ya yi yawa yakan rufe zanen ɓawo.

Kada ka fara da Erica. Fara da abin da ke bayan ɗaki, har idonka ya saba. Garin kuɓewa da yakuwa da auduga manya ne, sun kai ko sun haura mikron 100, jikinsu duk ƙaya. Mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Na masara da dawa da gero sumul suke, da ƙofa guda tak mai ɗan zobe. Na bagaruwa da gawo da ɗorawa curi ne na ƙwayoyi da yawa, na bagaruwa yawanci 16. Sa'annan ka nemo gauɗe da gwandar daji, domin su ma 'yan huɗu suke fitarwa, kuma su ne za su ruɗe ka in ba ka san su ba tun da wuri. Ni a ganina wanda bai yi wata guda yana wannan atisaye ba, bai kamata ya sa suna a kan kowane gilashi ba.

Mataki na uku: samo furen

Ga mazaunin Adamawa, wurin da ya dace a nema shi ne tsaunuka masu tsawo irin Cabbal Mbabo, tsakanin Banyo da Tinyer, wanda ya haura mita 2,400, a bakin kurmi da gangaren duwatsu inda wuta ba ta cika ci ba. Ka sanar da jauro ko lamiɗon wurin, ka nemi makiyayi ya raka ka, ya fi kowace taswira sanin inda tsiro yake. Tibesti kuwa tafiya ce mai wuya, akwai wuraren da nakiyoyin tsohon yaƙi ke binne har yau, don haka samfurin Erica arborea gara ka roƙe shi daga ma'ajiyar busassun tsirrai. Ta ƙasar Kamaru tana Yawunde. Fure biyu ko uku daga busasshen reshe sun ishe ka, amma da izinin mai kula. In kana bincike a ma'ajiya ka tuna cewa tsofaffin takardu sun rubuta Erica mannii da sunan Philippia mannii, Agarista kuma da sunan Agauria.

In a daji kake, tsinki furen da ya ƙosa amma bai gama buɗewa ba. Wanda ya buɗe, ƙwari sun riga sun kawo masa garin wasu furanni, nasa kuma ya zube, domin jakar garin wannan dangi ta 'yar ƙofa take buɗewa, girgiza kaɗan ke zubar da shi. Sa kowane tsiro a ambulan ɗinsa, ban da leda, leda tana sa gumi da ruɓa. Ka yanko reshe mai ganye da fure, ka danne shi tsakanin jaridu, ka ba shi lamba ɗaya da ta ambulan, ka rubuta wuri da rana da tsawon dutsen. Wannan reshen shi ne shaidarka. Gilashin da ba shi da reshen shaida, in aka yi musu a kansa ba ka da abin nunawa.

Mataki na huɗu: ɗaura gilashi

Hanya mai sauƙi ita ce wadda masanin garin fure Wodehouse ya yaɗa tun 1935. Ɗora jakar gari biyu ko uku a kan gilashi mai tsabta, fasa su da allura, kwashe tarkacen. Ɗiga alkol, za ka ga mai ya yi zobe a gefe, share shi da auduga, ka maimaita sau biyu. Yanko jeli kamar ƙwayar dawa, ɗora a kan garin, ɗumama gilashin har jelin ya narke amma kada ya tafasa, motsa da allura, sa'annan ka kwantar da murfi daga gefe ɗaya a hankali domin kada iska ta shige. Kada ka danna. Dannawa tana baje 'yan huɗu, awonka ya tashi ƙarya. In ya daskare, zagaye bakin murfin da jan farce.

Yanayinmu yana da nasa sharuɗɗa. A Garwa ko Kuseri cikin watan Maris da Afrilu, zafi yana iya narkar da jeli, don haka a kwance ake ajiye gilasai, a wuri mafi sanyi a ɗakin. Lokacin hunturu kuma ƙurar iska tana ɗauke da garin ciyawa, rufe taga, wanke allura da alkol tsakanin samfuri da samfuri.

Wannan hanya tana barin cikin ƙwayar, abin da ke hana ganin ɓawo sosai. Masana suna wanke cikin da hanyar Gunnar Erdtman, ɗan ƙasar Suwidin, a sigar da ya gyara a 1960. Ana jiƙa garin cikin tsantsar asid asetik domin a kore ruwa, a juya a injin juya kwalba, irin wanda ake tace fitsari da shi a asibiti, a tsiyaye. Sai a haɗa asetik anhaidirid kashi 9 da tsantsar asid salfurik kashi 1, ana ɗiga salfurik a hankali cikin na farkon, a zuba a kan garin, a sa kwalbar cikin ruwan da ya kusa tafasa na minti biyu zuwa uku har ruwan ya yi duhu. A juya, a tsiyaye, a wanke da asid asetik, sa'annan da ruwa sau biyu, a ƙare da gilisarin da aka raba rabi da ruwa. Ƙwayoyin za su fito ruwan ƙasa-ƙasa, fanko, kowane zane a fili.

Ina roƙon malamai, don Allah, kada a yi wannan a aji da yara. Haɗin nan in ɗigon ruwa ya faɗa masa yakan yi tsartuwa ya fantsamo fuska, tururinsa kuma yana ƙona ido da huhu. Sai a labo mai zuƙe hayaƙi, da tabarau da safar hannu. Anhaidirid ɗin ma ba a sayar da shi ga kowa, hukuma na sa ido a kansa. Wanda ba shi da wannan hali ya dafa garin minti biyar cikin ruwan potas mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ya wanke sosai. Bai kai na Erdtman ba, amma ya isa a ga tsagogi.

Mataki na biyar: dubawa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne gaggawa ke ɓata shi. Fara da ƙaramin girma ka nemo inda ƙwayoyi suka bazu ba su hau juna ba, sa'annan ka koma sau 400. Tambayar farko: tilo ne, 'yan huɗu ne, ko curi? In 'yan huɗu ne, sau da yawa uku za ka fara gani, sun yi kusurwa uku da layuka a tsakiya kamar harafin Y. Murɗa ƙaramin maɓallin daidaitawa a hankali, sama da ƙasa, za ka ga ta huɗun ta bayyana a bisa ko a ƙarƙashi. Wani lokaci dunƙulen ya kwanta ta gefe, sai ka ga biyu a sama sun gitta biyu a ƙasa. Abu ɗaya ne, kwanciya ce ta bambanta.

Tambaya ta biyu: me ke kan layin da ƙwaya ta haɗu da ƙwaya? In ka ga siririyar tsaga ta ratsa layin, rabi a wannan rabi a waccan, da ɗan kauri a gefunanta, kana cikin dangin Erica. Na gauɗe a wurin nan zagayayyun ƙofofi ne, ba dogayen tsagogi ba. Na gwandar daji manya ne, haɗinsu sako-sako, ba ka ganin tsaga a fuskarsu ta waje.

Tambaya ta uku: yaya fuskar ɓawon take? Sa man dubawa, koma sau 1,000, ka sauko da daidaitawa daga sama. Abin da ya yi tudu yakan fara haske sa'annan ya yi duhu, rami kuma duhu yake farawa sa'annan ya yi haske. Da haka za ka san ko fuskar sumul ce, ko mai tsakuwa-tsakuwa, ko mai ƙuraje.

Yanzu awo. Daidaita ma'aunin ido da gilashin awo, wanda aka raba milimita ɗaya gida 100, kowane gida mikron 10. In gida 40 na ido suka yi daidai da gida 10 na gilashin, to kowane gidan ido mikron 2.5 ne, dunƙulen da ya cinye gida 12 kuma mikron 30 ke nan. Ma'aikacin asibiti yana da abin kwatance a hannu, domin jar ƙwayar jini mikron 7 zuwa 8 ce. Auna abu uku: faɗin dunƙulen gaba ɗaya, faɗin ƙwaya ɗaya, da tsawon tsagar da ta haɗe. Raba tsawon tsaga da faɗin dunƙule, domin wannan kason ya fi girman kansa amana, girma yana canzawa da irin wankin da aka yi, kuma ƙwaya tana kumbura cikin jeli in ta daɗe. Irin wannan awo Frank Oldfield ya yi amfani da shi a 1959 wajen rarrabe dangin a yammacin Turai. Auna dunƙule 20 aƙalla, daga tsiro fiye da ɗaya, ka rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma da matsakaici. Ka zana abin da ka gani da fensir ko da ka ɗauki hoto da waya ta idon madubi, hannu yana tilasta wa ido ya lura.

Mataki na shida: abin da za ka iya yankewa

Garin fure yana nuna dangi da tabbaci, yana nuna gida sau da yawa, iri kuwa sai jefi-jefi. Wannan shi ne abin da nake son mai koyo ya yarda da shi tun farko.

A matakin gida akwai alamomi masu ƙarfi. Calluna vulgaris, wadda ta rufe tuddan Ingila da arewacin Turai, masanin tsirrai Linnaeus ya sa ta cikin Erica a 1753, wani masanin, Salisbury, ya ware mata gidanta a 1802 saboda siffar fure. Garinta ya goyi bayansa: 'yan huɗunta ba su da tsari, sau da yawa a shimfiɗe suke maimakon zaman murhu, tsagogin gajeru ne, fuskar kuma mai ƙuraje. Na Rhododendron manya ne, da siraran zaruruwa masu danƙo da ke sarƙe su. Na Erica arborea ƙanana ne, wajen mikron 30, a tsare tsaf, da dogayen tsagogi. Enkianthus na gabashin Asiya tilo yake fitarwa, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna shi ne reshen da ya fara rabuwa da sauran dangin. Empetrum da aka daɗe ana ba shi danginsa daban, 'yan huɗu yake yi, kuma tsarin da Kathleen Kron da abokan aikinta suka fitar a 2002 ya shigar da shi cikin Ericaceae.

Amma alamar tana da iyaka. Cikin gidan Erica kansa akwai masu tilo, kamar Erica terminalis da Erica spiculifolia a Turai da wasu a Afirka ta Kudu, kuma ba su zama reshe guda ba, halin ya ɓullo fiye da sau ɗaya. Philippia da Blaeria, da ake ɗauka gidaje ne daban, masanin Afirka ta Kudu E. G. H. Oliver ya mayar da su cikin Erica, garinsu ma da wuya ka raba shi da na sauran a madubin haske. Don haka in ka samu 'yan huɗu a samfurin da ba ka ga tsironsa ba, rubuta "dangin Ericaceae" ko "irin na Erica". Sunan iri sai in ka kwatanta da gilashin shaida, kuma ka san tsirran da ke yankin.

Inda za ka yi amfani da shi

Adamawa ƙasar zuma ce, duk wanda ya bi hanyar Ngaundal ko Meiganga ya ga galan-galan a bakin titi. Gwada zuma haka: narkar da giram 10 cikin ruwan ɗumi mililita 20, kada zafinsa ya wuce digiri 40, juya a injin juya kwalba minti 10, tsiyaye, sake wankewa, shafa abin da ya kwanta a kan gilashi, bari ya bushe, rufe da jeli. Ƙirga ƙwaya 300 aƙalla, 500 ya fi, kana ɗaukar kowane dunƙule a matsayin ɗaya. Bisa tsarin da Louveaux da Maurizio da Vorwohl suka wallafa a 1978, wanda ya haura kashi 45 cikin 100 shi ne mai rinjaye, 16 zuwa 45 mai bi masa, 3 zuwa 15 ƙarami mai muhimmanci, ƙasa da 3 kuwa ɗan tsiraru. 'Yan huɗun Erica a cikin zuma alama ce ta tsauni mai tsawo, kuma irin wannan shaida tana da daraja a kasuwa, tun da farar zumar Oku ta samu rajistar asalin wuri daga OAPI, hukumar Afirka mai rajistar haƙƙin mallakar fasaha, a 2013. Sai dai a kula, Erica mannii iska ce ke ɗaukar garinta, furenta ƙanana ne ba na jan ƙudan zuma ba. Ganinta a zuma yana gaya maka inda amya take, ba furen da aka tsotsa ba.

Laka kuma tana ba da labarin da. A Tafkin Yoa na Unianga, arewacin Cadi, Stefan Kröpelin na jami'ar Kolon da abokan aikinsa sun haƙo lakar shekara 6,000, suka wallafa sakamakon a 2008. A tsofaffin shimfiɗun, waɗanda suka haura shekara 4,000, an samu garin Erica arborea, tsiron da a yau a Cadi sai can saman Tibesti, abin da ke nuna zamanin da yankin ya fi yanzu laima nesa ba kusa ba. Kusa da Ngaundere ma an yi irin wannan aiki a Tafkin Mbalang. Wankin laka yana bukatar sinadarai masu haɗari fiye da na fure, aikin labon jami'a ne, amma wanda zai zauna ya ƙirga ƙwayoyin dole sai ya zo da ido sananne da akwatin gilasan shaida. A kan kowane gilashi rubuta sunan tsiro, lambar reshen shaida, wuri, irin wankin da aka yi, da ranar ɗaurawa, da fensir a kan takardar liƙawa, domin alkol yana goge tawada.